Daga Gwangwani Zuwa Ƙullin Leda: Lafiyar Abincin Kanti a Ƙasar Ƙonni

Abincin kanti, wato duk abin ci ko na sha da aka sarrafa a masana'anta aka rufe cikin gwangwani, kwali, kwalba ko leda, ya zama cimar yau da kullum a Birnin Ƙonni da garuruwan da ke kewaye da ita. Ranar Laraba, ranar da kasuwar garin ke ci, teburin ɗan tireda guda ya isa shaida.

A gaban teburin tumatirin leda ne da na gwangwani a jere, sai dunƙulen magi cikin roba, sai farin magi. A gefe ga taliya da maka, ga garin lemo ja da rawaya da kore a rataye. A ƙasa jarkar mai ce ta lita 25, da mazurari da ludayin awo a kanta. Kusa da hannun mai tebur kuma buhun madarar gari ne a buɗe, yana ɗiba da cokali yana ƙullawa cikin farar leda, wannan na dala goma, wancan na dala ashirin.

Rubutun jikin kayan ya kasu uku. Akwai na Ingilishi daga Najeriya, akwai na Faransanci daga tashoshin ruwan kudu, akwai na Larabci daga Aljeriya da ƙasashen Larabawa. Mai saye yana biya da sefa ko da naira. Abin da ba kasafai yake sani ba shi ne yaushe aka yi kayan, me ke cikinsu, kuma rana nawa suka sha kafin su iso hannunsa.

Yadda tukunya ta canza

Sarrafa abinci don ya daɗe tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Matan Ƙonni da Adar sun gaji yin daddawar kalwa da daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, sun gaji gabu na ganyen albasa, da kauɗar tumatir, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu da ƙuli-ƙuli. Mahauta sun gaji kilishi. Gishiri da rana da wuta da tsamarwa su ne makaman ajiya, kuma mai saye yakan san hannun da ya yi abin.

Abubuwa da dama ne suka kawo sauyi. Garuruwa sun cika, itacen girki ya yi tsada, kuma taliya tana nuna cikin mintuna kaɗan, ga shi tuwon hatsi yana bukatar surfe da daka ko niƙa. Shekarun fari, musamman na 1973 da 1984, sun saba wa mutane da abincin da ya zo daga waje cikin buhu da gwangwani. Daga baya kamfanoni suka gano cewa talaka ba ya iya sayen babban kwali, amma yana iya sayen ƙaramar leda kullum, sai suka karkasa kusan komai zuwa ledar girki ɗaya.

Akwai wani abin lura a nan. Wannan yanki yana cikin mafi albarkar noman rani a Nijar. Fadamar Ƙonni, wadda madatsun ruwan Zango da Mozage ke shayarwa, ta haura eka 2,000. Galmi, a gundumar Malbaza, ita ce ta ba albasar da ta fi suna a Afirka ta Yamma sunanta. Duk da haka tumatirin da ke ruɓewa a lambu lokacin kaka, saboda babu masana'antar da za ta ɗauke shi, tumatirin leda ne ke maye gurbinsa da damina, kuma yawancin kwaɓin da ke cikin irin waɗannan ledoji daga ƙasar Sin aka yi odarsa cikin manyan ganguna. Ɗan jaridar Faransa Jean-Baptiste Malet ya bi sawun wannan ciniki a wani littafi da ya fitar a 2017, ya nuna cewa wasu gwangwanayen da ake turowa Afirka ta Yamma ana haɗa su da sitaci da ɓawon waken soya da rini, a rubuta musu tumatir zalla.

Gari a bakin iyaka

Ƙonni mahaɗar hanyoyi ce. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta, hanyar Tawa da Agadas ta rabu a Tsarnawa, kuma Illela ta jihar Sakkwato ba ta kai kilomita 10 daga garin ba. Wannan Illela daban take da Illela ta Nijar, hedikwatar gundumar da ta haɗa da Badagishiri da Tajaye. Kayan masarufi daga Sakkwato da kasuwar Singa ta Kano suna shigowa ta nan, su bazu zuwa kasuwannin ƙauye har cikin Adar.

Wani kason kayan yana bi ta ofishin duwan da takardunsa. Wani kason kuma yana bi ta hanyoyin daji a bayan babura da amalanke da ƙananan motoci, ba wanda ya buɗe kwali ya duba. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kason na biyu ne ke ƙaruwa. An ga haka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakar har zuwa Maris na 2024.

Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa kayan Najeriya sun yi araha ga mai riƙe da sefa, sai kwararar ta ƙara ƙarfi. Da yawa daga cikin kayan nan lafiyayyu ne, daga kamfanoni masu rajista suka fito. Matsalar ita ce da zarar kwali ya tsallake iyaka ta bayan fage, ya fita daga idon hukumar da ta yi masa rajista, bai kuma shiga littafin hukumar ƙasar da za a ci shi ba. Idan kamfani ya janye wani rukunin kaya daga kasuwa a Legas, da wuya sanarwar ta kai teburin da ke Bazaga ko Dogarawa.

Rana, leda da kwanan wata

Kwanan watan da masana'anta ke bugawa a jikin kaya yana da sharaɗi: a ajiye a wuri mai sanyi, busasshe, inda rana ba ta bugu. A Ƙonni zafin watannin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin shagon kwano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mai yana yin ɗoyi, sinadarin bitamin A da aka ƙara masa yana lalacewa idan haske ya daɗe a kansa. Madarar gari tana dunƙulewa ta canza ɗanɗano. Yogot da sauran kayan sanyi sun dogara ga firiji, firiji kuma ya dogara ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Yankin yana da tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza tun 2018, amma lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, an ga yadda kayan sanyi ke narkewa da rana su sake daskarewa da dare.

Kwanan watan ma iri biyu ne, kuma mutane kaɗan ne suka san bambancin. Akwai ranar da ke nufin kada a ci bayan ta wuce, wadda ake sa wa kaya masu saurin lalacewa irin su nono da nama. A kayan Faransanci ana kiranta DLC. Akwai kuma ranar da ke nufin abin ya fi inganci kafin ta, wadda ake sa wa taliya, biskit da gwangwani. Taliyar da ta wuce irin wannan rana da 'yan makonni, muddin ƙwaro ko danshi bai shige ta ba, ba ta da haɗarin yogot da ya wuce tasa ranar da kwana uku. A kayan Najeriya haruffan MFD suna nuna ranar yi, BB da EXP suna nuna ranar ƙarewa, kuma ba a rasa mai ɗaukar ta farko a matsayin ta biyu.

Ana kuma sauya ranar da gangan. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sha sanar da kama ɗakunan ajiya inda ake goge tsohon kwanan wata a buga sabo. Alamar takan fito ga mai lura: wurin rubutun ya yi haske ko ya kankare, tawadar ta bambanta da sauran, ko an manna wata 'yar takarda a kai.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa a bakin rufinsa, ko ya fesa iska da aka huda shi, na zubarwa ne ko da ranarsa ba ta cika ba. Kumburin yana iya zama aikin ƙwayar cuta mai fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi, har numfashi ya gagara.

Amma babban abin da ke raba mai saye da sanin abin da ya saya shi ne ƙulli. Da an juye madara, sukari, garin lemo ko mai daga mazubinsa na asali zuwa farar leda ko tsohuwar kwalba, suna da kwanan wata da lambar rukuni da gargaɗi duk sun tsaya a jikin buhun da aka jefar. Babban gwangwanin tumatir da ake buɗewa a sayar cokali-cokali yana iya kwana uku ko huɗu a buɗe, a kankare farin furfurar da ta fito a sama a ci gaba da ciniki. Jarkar da ake zuba man girki kuwa, a garin da ake safarar fetur cikin jarkoki dare da rana, tilas a tambayi abin da ta fara ɗauka.

Darasin Kano

Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ya nuna inda irin wannan ciniki ke iya kaiwa. Ɗaruruwan mutane daga unguwanni daban-daban aka kwantar a asibitoci da amai da jiri da fitsarin jini, wasu suka rasu, wasu kuma ƙodarsu ta taɓu. Bincike ya kai ga lemon haɗi da ake sayarwa a ƙulle da cikin robobi. An sami garin lemon da ranarsa ta wuce, kuma NAFDAC ta bayyana cewa wani farin gari da aka sayar wa masu haɗa lemo a matsayin ɗan tsami wani sinadarin masana'anta ne mai guba.

Masu haɗa lemon ba su yi niyyar cutar da kowa ba. Sun sayi farin gari mai tsami a kasuwa, cikin ledar da ba rubutu, kamar yadda suka saba. Ɗan tsami na gaskiya da wancan sinadari ido ba ya raba su. Irin wannan lemo, da zoɓo da lamurje da ƙanƙarar leda, shi ne abin da yara ke saye a ƙofar makarantu a Ƙonni da Malbaza da Galmi, kuma cinikinsa ya fi ƙarfi da azumi, lokacin da ake neman abin sanyi da arha.

Abin da ake tsoro da abin da ke kisa

Tsoron abincin kanti ya yawaita, sai dai sau da yawa ba ya sauka inda ya kamata. A Disambar 2016 jami'an kwastan na Najeriya sun ce sun kama buhunan shinkafar roba a Legas, labarin ya karaɗe Afirka ta Yamma. Da aka gwada, ba a sami roba ba. Abin da aka samu shi ne ƙwayoyin cuta fiye da ƙima, wanda ya isa a hana cin shinkafar, amma wannan ɓangaren labarin bai yi nisa kamar na farko ba.

Haka farin magi. An daɗe ana cewa tun da yana fitar da datti daga tufafi, to yana cin hanji. Kwamitin masana na haɗin gwiwar FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba sinadarin tun 1987 bai same shi da haɗari ba a gwargwadon da ake sa wa abinci. A 2023 kuma, bayan hukumomin Taiwan da Malesiya sun sami wani sinadari mai haddasa kansa a wani nau'in Indomie da aka yi a Asiya, NAFDAC ta gwada wadda ake yi a Najeriya ta ce ba ta same shi ba.

Wannan ba ya nufin manyan masana'antu ba sa kuskure ko ha'inci. A 2008 madarar da aka gurɓata da sinadarin melamin ta cutar da jarirai kusan 300,000 a ƙasar Sin. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018 kamfanin Lactalis na Faransa ya janye madarar jarirai daga ƙasashe sama da 80 saboda ƙwayar salmonela. A Najeriya an haramta sa sinadarin buromet a burodi, amma har yanzu hukuma tana rufe gidajen burodin da ke sa shi don burodi ya tashi ya yi laushi.

Duk da haka alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 sun nuna inda nauyin ya fi yawa. Kusan mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kimanin 420,000 su mutu, kusan kashi uku cikin goma na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Afirka ce ta fi kowace nahiya shan wahala, da mace-mace wajen 137,000. Mafi yawan wannan gudawa ce, daga ƙazamin ruwa da hannu da ƙuda da abincin da ya kwana cikin zafi. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, ta shafi yankin Ƙonni.

Na gida ma yana da nasa

Masu cewa a koma ga abincin gargajiya suna da hujja, amma sarrafawar gida ma tana bukatar kula. Gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su cikin danshi, suna kama wata furfura mai fitar da dafin afulatoksin. Dafin ba shi da wari, suya ba ta kashe shi, kuma idan aka matse mai, yawancinsa a cikin tunkuza yake zama, wato a ƙuli-ƙuli da yajin tsire da labun kilishi. Gyaɗar da ta fi araha, fasasshiya mai baƙi-baƙi, ita ce ta fi ɗauke da shi.

Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa afulatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Sahel. Wani bincike a Benin da Togo a farkon shekarun 2000 ya danganta shi da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum wajen 125. Abin da ke rage shi sosai ba ya bukatar kuɗi: a shanya a kan tabarma ko tamfol, a bari ya bushe ƙarau, a tsince duk ƙwayar da ta canza launi ko ta motse kafin a kai inji.

Wake kuma matsalarsa maganin ƙwari ne. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, kuma wake ba ya daɗewa ƙwaro bai huda shi ba. Wasu masu ajiya suna zuba masa fiya-fiya ko su jefa ƙwayar hayaƙi cikin buhu fiye da ƙa'ida, su fitar da shi kasuwa kafin maganin ya gushe. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mafita tana nan a kasuwa: buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da cibiyar binciken noma ta INRAN tun wajen 2007. Idan aka ɗaure shi da kyau, iska ce ke ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani.

Sai abin naɗi. Tsire da balangu da kilishi ana naɗe su cikin takardar buhun siminti, koko da kunu masu zafi ana zuba su cikin siririyar leda. Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda tun Nuwamban 2014, amma duk wanda ya ratsa kasuwa ya san dokar ba ta kama ƙasa ba.

Cutar da ba ta gaggawa

Akwai lahanin da ba ya kai mutum likita a daren da ya ci abin. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Miyar da aka sa wa dunƙule uku ko huɗu, aka ƙara farin magi, aka ƙara gishiri, ta wuce giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya haura a yini. Binciken da ma'aikatar lafiyar Nijar ta yi ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya mutu.

Sukari ma haka. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da fiye da rabin abin da ya kamata babba ya sha a yini. A Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa cewa kunun jarirai na kamfanin Nestlé da ake sayarwa a Afirka da Asiya yana da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a wasu ƙasashen Turai ba shi da shi. Kamfanin ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa da ƙa'idojin duniya.

Madarar buhu ta fi kowanne bukatar bayani. Da yawa daga abin da ake ƙullawa da sunan madara haɗi ne: an cire man shanun a Turai an sayar da shi daban, an maye gurbinsa da man kwakwar manja, shi ya sa ta fi madarar gaske araha. Ƙa'idar Codex, kundin ma'aunin abinci na duniya da aka kafa a 1963, ta ce a rubuta a jikinta cewa ba ta dace da jarirai ba. Wannan gargaɗi yana jikin buhu mai kilo 25, uwar da ta sayi ƙullin dala ashirin don ta dama wa jaririnta ba za ta taɓa ganinsa ba. Ƙungiyoyin makiyaya na Sahel, har da na Nijar, sun ƙaddamar da gangamin kare nonon gida a 2018 saboda wannan haɗin yana karya musu kasuwa.

A ɗaya ɓangaren, masana'anta ta kawo alherin da tukunyar gida ba za ta iya ba. Gishiri mai aidin ya rage maƙoƙo. Ƙasashen UEMOA sun wajabta ƙara bitamin A a man girki, da sinadarin ƙarin jini a fulawa. Kwaɓin gyaɗar nan na leda da ake ba yara masu tamowa a cibiyoyin lafiya, wanda kamfanin STA ke yi a Yamai, ya ceci yara masu ɗimbin yawa tun yunwar 2005.

Wa ke dubawa

A takarda Nijar ba ta rasa doka ba. Akwai dokar tsabtar jama'a ta Maris 1993, akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015. Akwai hukumar ma'auni da tantance inganci ta ANMC, akwai ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX, akwai jami'an tsabta da aka fi sani da duba-gari, ga duwan, ga jami'an dabbobi masu duba nama. Lokaci-lokaci ana tara kayan da suka lalace a ƙone su a gaban hukumomi.

Sai dai LANSPEX yana Yamai, sama da kilomita 400 daga Ƙonni. Duba-gari yana iya karanta kwanan wata, ya ga kumburin gwangwani, ya ji warin mai. Dafin furfura da ragowar maganin ƙwari da rinin da aka haramta kuwa sai an kai samfur ɗakin gwaji, an biya, an jira. Kafin sakamako ya dawo, kayan sun ƙare a kasuwa.

Kowane ɓangare yana da abin faɗa. 'Yan tireda suna cewa su ma saye suke daga manyan diloli, ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma idan aka ƙwace kwali ɗaya jarin ne ya tafi, alhali mai sito da ya sayar musu yana nan ba a taɓa shi ba. Iyaye mata suna cewa kuɗin cefanen da ake ba su ne ke zaɓar musu abin da za su saya, da babu gara ba daɗi. Ma'aikatan lafiya suna kokawa cewa mai gudawa ba ya zuwa sai ya galabaita, kuma ba mai zuwa da ledar abin da ya sha. Ƙungiyoyin masu saye, irin su ADDC-Wadata, suna neman a tsananta bincike, musamman gab da azumi. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa hatsi da gyaɗa da nono kuwa suna cewa kuɗin gwaji da na mazubi mai kyau da na takardar shaida ya fi ƙarfinsu, shi ya sa kayansu ba sa shiga manyan kantuna.

Koken ɗan tireda yana da nauyi. Binciken da ya tsaya kan tebur ya bar sito bai taɓa tushen matsalar ba, domin sito ɗaya ne ke ciyar da tebura ɗari.

Aikin da ɗan makaranta zai iya

A ƙasar da wajen kashi ɗaya cikin uku na manya ne ke iya karatun boko, ɗan makaranta shi ne mai karanta wa gida takarda, kuma shi ake aika sayen magi da mai. Manhajar kwaleji a Nijar tana da darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa, tana da na tattalin gida, akwai kuma Ingilishi tun daga ajin farko na kwaleji. Waɗannan uku sun isa a gina aikin aji mai amfani a kansu.

Malami yana iya sa kowane ɗalibi ya tattaro ledoji da gwangwanaye goma daga kwandon sharar gidansu, ya wanke su, ya rubuta sunan kaya, ƙasar da aka yi shi, harshen rubutun, ranar yi da ranar ƙarewa, lambar rajista idan akwai, da abubuwa uku na farko a jerin kayan haɗi. Jerin yana farawa ne da abin da ya fi yawa, don haka yaron da ya ga gishiri a farkon jerin magi, ko sukari a farkon jerin garin lemo, ya fahimci abin da dogon bayani ba zai koya masa ba. Ajin ɗalibi 60 zai tara samfur 600 cikin mako guda. Daga nan za a iya ƙirga nawa ne ba su da kwanan wata, nawa ne ranarsu ta wuce, nawa ne ba wanda ya iya karanta harshensu, da kuma abubuwa nawa gidan ya saya a ƙulle babu rubutu ko kaɗan.

Sashe na biyu na aikin shi ne rubutu. Ɗalibi ya rubuta abin da ya gani da Faransanci don maki, ya sake rubuta shi da Hausa don a karanta a gida. A nan ne malami zai koya masa raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka turo a WhatsApp, da kuma cewa ba a kiran sunan shago ko kamfani da zargi sai da hujja. Abin da ajin ya tara ana iya miƙa shi ga ofishin tsabta na gunduma da ma'aikatar magajin gari, a kuma karanta taƙaitawarsa a gidan rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamajak, harsunan da masu cin kasuwannin Ƙonni da Malbaza da Illela ke ji.